Numfashin injin gas da gwangwanin tare baƙin mai: tambayoyin masu Hilux da sauran akori-kura a Zariya

Yawancin Hilux ɗin da ke yawo a Zariya na fetur ne, shi ya sa masu na gas kan sha wahalar samun wanda zai yi musu bayani mai gamsarwa. Tun da aka fara ganin bidiyoyin Ostareliya da Amurka a waya, inda ake nuna wani ɗan gwangwani da ake ɗaurawa a gefen inji yana tara baƙin mai, tambayoyi suka yawaita a garejojin Sabon Gari da Kwangila da Ɗanmagaji. Ga waɗanda aka fi yi, da amsar da nake bayarwa.

Wane numfashi kuma inji yake yi, bayan iskar da yake sha ta filta da hayaƙin da yake fitarwa ta salansa?

Akwai na uku. Duk lokacin da gas ya kama wuta a saman fistan, ba dukkan ƙarfin ne ke tura fistan ƙasa ba. Wani kaso yana sulalewa ta gefen ringi ya gangara can ƙasa, inda karanshaf ke juyawa a saman baƙin mai. Ringi ba ya rufewa ruf ko a sabon inji dal, domin da gangan aka bar masa 'yar tsaga saboda ƙarfe yana buɗewa idan ya ɗau zafi. Don haka kowane inji yana wannan huci, mai lafiya da mara lafiya, yawan ne kawai ya bambanta.

Injin gas ya fi na fetur huci saboda matsinsa ya fi ƙarfi. Tsohon injin 5L na Hilux da 1HZ na Land Cruiser suna matse iska wajen ninki 22. Sabon 1GD ninki 15.6 ne, amma turbo na ɗura masa iska tun kafin a fara matsawa. Shi kuwa 2TR na fetur wajen ninki 10 yake.

Hucin ba iska zalla ba ne. Akwai hayaƙi a ciki, da kunkunniya, da ɗan gas da bai gama ƙonewa ba, da tururin ruwa, da feshin baƙin mai da ya kwaso a hanya. Ruwan ma kada a raina shi: litar gas ɗaya idan ta ƙone tana haifar da kusan litar ruwa ɗaya a matsayin tururi. Mafi yawa ya bi salansa, kaɗan ya bi ta ringi. Idan ba a ba wannan huci hanyar fita ba, zai nemi tasa ta oyil sil na gaba da na baya, da gasket ɗin murfin tof, da ramin geji.

To ina masu ƙera mota suke kai shi?

A da sakin sa ake yi kawai. Tiyo ne ko bututun ƙarfe ke saukowa ta gefen inji yana hura shi a titi, kuma har yau za ka ga irinsa a tsofaffin manyan motoci da taraktoci da injinan ban-ruwa. Jihar Kalifoniya ta Amurka ce ta fara matsawa a daina a kan motocin 1961, sauran ƙasar suka biyo baya cikin 'yan shekaru, daga nan abin ya zama ruwan dare: a mayar da hucin cikin inji ya ƙone.

A injin fetur manifol, wato bututun da ke raba wa silindoji iska, yana da zuƙa, shi ke jawo hucin ta wani ɗan bawul. Injin gas ba shi da irin wannan zuƙar, mai turbo ma manifol ɗinsa hurowa yake yi. Wuri ɗaya da ya rage shi ne babban tiyon da ke tsakanin filtar iska da bakin turbo. Buɗe bonet ka bi ƙaramin tiyon da ya fito daga murfin tof, za ka ga nan ya shiga. Ke nan duk man da ya tsere wa rariyar da ke cikin murfin tof sai ya ratsa turbo, ya ratsa intakula, wato ɗan lagireton da ke sanyaya iskar da turbo ya hura, ya bi manifol, kafin ya isa silinda.

Na cire tiyon intakula na ga mai a ciki, bakanike ya ce turbo ya mutu. Gaskiya ne?

Kada ka yi saurin sayen turbo, Alhaji. Tiyon ya yi danshin mai, ko ɗan mai ya kwanta a ƙasan intakula, wannan ba baƙon abu ba ne a motar gas mai turbo da ta yi tafiya. Duba tiyon da ke gaban turbo daidai inda numfashin ya shigo. Idan man daga nan ya faro, to ba turbo ya zubo shi ba, wucewa kawai ya yi ta cikinsa.

Akwai kuma abin da ke sa a ɗora wa turbo laifin da ba nasa ba. Man da ke shafa ƙarfen tsakiyar turbo da ƙarfin famfo yake shiga, amma da nauyinsa kawai yake gangarowa ya koma ƙasan inji. Idan numfashi ya toshe, matsi ya taru a ƙasan, man ba ya samun sauka, sai ya tsattsafo ta gefen fankar turbo. A sa sabon turbo, bayan 'yan kwanaki shi ma ya fara yoyo, a ce jabu aka sayo a Ƙofar Ruwa, alhali tiyon numfashi ne ya lanƙwashe ko ya cushe. Turbon da ya mutu da gaske yana da alamunsa: fankar na girgiza har tana gogar bango, ana jin kuka irin na jiniya, hayaƙi shuɗi ba ya yankewa, mai na sauka a geji da sauri.

Idan man ƙonewa yake yi a ƙarshe, mene ne abin damuwa?

Shi kaɗai da sauƙi. Matsalar tana farawa ne idan ya haɗu da EGR, wato bawul ɗin da ke ɗebo wani kaso na hayaƙin salansa ya mayar da shi manifol don a rage zafin ƙonewa, a rage iskar nan mai cutar da huhu da ake kira NOx. Hayaƙin gas kuwa kunkunniya ce a cikinsa. Duk wanda ya taɓa duba bangon madafin da ake suyar ƙosai da itace ya san sakamakon: hayaƙi kaɗai a share shi da tsintsiya, amma idan ya gamu da tururin mai sai ya zama baƙin danƙo da sai an kankare. Haka yake taruwa a manifol shekara da shekaru har hanyar iska ta tsuke, bawul ɗin EGR ya maƙale, 'yar na'urar auna matsin turbo ta toshe. Mota ta yi nauyi a hawa, ta riƙa baƙin hayaƙi, ta ƙara shan gas.

Man yana kuma jiƙa tiyoyin roba su yi laushi har su riƙa suɓucewa daga kilif, kuma intakular da ciki ya shafe da mai ba ta sanyaya iska kamar mai tsabta.

Me gwangwanin yake yi takamaimai?

Ana yanka hanyar numfashin ne a sa shi a tsakiya: huci ya shiga, mai ya tsaya, iska ta wuce zuwa bakin turbo kamar da. Iri biyu ne a kasuwa. Akwai mai faranti ko raga a ciki, wanda iska ke bugawa ta juya, manyan ɗigo su faɗi. Akwai kuma mai filta ta zare mai laushi, wadda ƙananan feshi ke mannewa a jikinta su haɗu su zama ɗigo su gangara. Feshin injin gas ƙanana ne ƙwarai, kusan hazo, don haka mai filta ya fi kamawa nesa ba kusa ba.

Wanda aka fi sani a wannan ajin shi ne ProVent 200 na kamfanin Mann+Hummel na Jamus, wanda aka yi don ɗaukar huci har lita 200 a minti. Abin da ya fi burge ni a cikinsa ba filtar ba ce, bawuloli biyun nan ne: ɗaya yana hana turbo zuƙar cikin inji fiye da kima, ɗaya yana buɗewa ya saki matsi idan filta ta toshe. Su kansu masu ƙera motoci sun yarda da dabarar. Injin Cummins mai lita 6.7 da ke cikin motar Ram ta Amurka tun 2007 yana zuwa da filtar numfashi a saman murfinsa, littafin waɗanda suka fara fitowa ya ce a canza ta a mil 67,500.

Motata tana buƙatarsa?

Ya danganta da injin da ke ciki, ba sunan da ke jikin bodi ba.

Idan 5L ne ko 1HZ mara turbo, ba intakular da za ta jiƙe, ba fankar da za ta ɓaci. In babu EGR a kai, ka bar kuɗinka ka sayi filtar iska mai kyau. In akwai, za ka ɗan amfana, amma ba gaggawa.

Waɗanda suka fi cin moriyarsa su ne masu turbo da EGR tare: 2KD da 1KD na Hilux Vigo, 1GD da 2GD da suka fito daga 2015, V8 ɗin 1VD na Land Cruiser 79, 4D56 mai turbo na L200, YD25 na Navara, 4JJ1 na D-Max, da Ranger mai lita 2.2 ko 3.2. Amma ka duba da idonka. Inji ɗaya yakan zo da kaya daban-daban gwargwadon ƙasar da aka yi wa shi. Wadda aka shigo da ita daga Turai ta Kwatano kusan tabbas tana da EGR, wataƙila har da matatar kunkunniya ta DPF a salansa. Wadda aka yi wa kasuwar Afirka mai yiwuwa ba ta da su.

Yanayin aikin ma abin dubawa ne. Motar da ke ɗaukar masara daga Giwa ko rake daga Maƙarfi, tana jan hanya da kaya, injinta na yin zafi sosai kuma EGR na rufewa idan an taka totur. Wadda ta fi cushewa ita ce motar ofis da ke zirga-zirga tsakanin Samaru da PZ, ko wadda direba ke bari a silo awa guda da AC yana jiran oga ya fito daga taro. A silo da ƙaramin gudu ne EGR ke buɗewa sosai.

Mai 2TR na fetur kuwa ya manta da maganar, fetur ɗin da nozul ke fesawa yana wanke bawulolinsa.

Injina na shan mai, yana huci ta murfi. In na sa gwangwani zai daina?

Ba zai daina ba. Gwangwani tara mai yake yi, ba ya gyara ringi, ba ya ƙara ƙarfi, ba ya rage shan gas. Duk wanda ya ce maka haka kaya yake son sayarwa. Injin da ya gaji ma ya fi kowane haɗari da gwangwani, domin hucinsa na iya fin ƙarfin abin da aka ɗaura masa.

Gwajin da kowa ya sani: inji ya yi zafi, yana silo, a kwance murfin zuba mai a ɗora shi a bakin ba tare da an murɗa ba. Ya ɗan yi rawa a wurin, ba komai, injin gas ne. Ya riƙa tsalle yana faɗuwa, farin huci na fitowa fuf-fuf bi da bi, to akwai magana. Sai dai wannan gwaji ba ya yanke hukunci. Kafin ka yarda a sauke inji a yi ringin, a duba abu uku.

Na farko famfon zuƙar birki. Tunda injin gas ba shi da zuƙa, an sa masa famfo na musamman don birki, kuma iskar da famfon ya zuƙo cikin inji yake zubar da ita. Tiyon birkin ya tsage, famfo ya yi ta ɗura iska, inji ya yi ta huci alhali ringinsa lafiya lau. Na biyu washa, wato ɗan zoben ƙarfen da ke ƙarƙashin nozul. A 1KD sananniyar matsala ce: idan ta saki, wuta na hurowa ta gefen nozul zuwa cikin murfin tof, mai ya daskare ya zama gawayi, gawayin ya gangara ya toshe rariyar famfon mai. Wannan yana kashe inji gaba ɗaya, kuma ba gwangwanin da zai hana. Na uku yawan man da aka zuba. Yara a wurin juye suna son su ƙarasa galan, mai ya haura layin sama na geji, karanshaf ya riƙa dukansa yana feshi. Bayan waɗannan sai a auna matsin kowace silinda da agogo.

Na asali da tsada. Mai walda ba zai haɗa min ba, ko in sayi ɗan ƙaramin nan mai sheƙi da ake tallatawa?

A nan ne aka fi yin gyaran gangar Auzinawa. Masu walda na Zariya da na Fanteka a Kaduna suna da hannu, ba wanda ke musu, amma abin da ke kashe gwangwani ba a ganinsa daga waje.

Ƙananan nan masu launin ja da shuɗi na motocin fetur ne. Bakinsu bai fi kaurin biro ba, alhali tiyon numfashin Hilux ya kai kaurin babban yatsa. Ka rage kaurin ramin da rabi, filin da iska za ta bi ya koma kashi ɗaya cikin huɗu. A silo ba za ka ga komai ba. Sai ka hau titin Kano da kaya ka taka, huci ya ninka, oyil sil na bayan inji ya saki. Wannan sil ɗin kuɗinsa kaɗan ne, amma sai an sauke giyabos kafin a kai gare shi, wani lokacin har kuloci ya jiƙe. Gara intakula mai danshi da wannan.

Na biyu, abin da ake cusawa a ciki. Gwangwani wayam ba ya kama komai sai ruwa. Sai a cika shi da soson ƙarfe na wanke tukunya. Soson nan yana tsatsa da tururi, yana karyewa da girgiza, kuma daga gwangwanin babu wata rariya har zuwa fankar turbo da ke juyi sama da 100,000 a minti. Soson katifa kuma mai da zafi na narkar da shi. Tartsatsin walda da ya maƙale a ciki shi ma hanyarsa ɗaya.

In dole sai an ƙera, to bakin shiga da na fita kada su gaza tiyon asali, farantan ciki a yi musu walda su zauna daram, a wanke ciki tas, a bar hanyar da iska za ta wuce ko da ya cika. Zai kama wani abu, ba zai kai mai filta ba. Shi ma mai filtar ana jabunsa, kamanni ɗaya amma bawul ɗin ciki na ado ne. A ra'ayina, wanda ba shi da kuɗin na kirki ya bar motarsa yadda kamfani ya yi ta.

Me zan lura da shi wajen ɗaurawa?

Ya tsaya a miƙe, a kan ƙarfe mai ƙwari da aka ɗaure da noti, ba waya ko igiyar roba ba, don hanyar Soba ko Anchau za ta kwance duk abin da aka yi wa riƙon wasa. A nisanta shi da salansa da bayan turbo. Tiyo ya zama mai jure mai. Na lagireto kumbura yake yi ya yi laushi, na ban-ruwan lambu kuma zafi na lanƙwasa shi ya toshe. Kada tiyo ya yi ciki a tsakiya inda mai zai kwanta ya datse hanya. A duba kibiya, kada a juya shiga da fita. Kowace mahaɗa da kilif, musamman ɓangaren da ya koma bakin turbo, domin ko 'yar ƙofa ce a nan ƙura za ta shiga ba tare da ta bi filta ba.

Akwai gwaji mai araha da nake so kanikawa su riƙa yi. A samo farin tiyon nan da magina ke auna lebur da shi, a lanƙwasa shi ya yi ciki, a zuba ruwa kaɗan a cikin, a haɗa baki ɗaya da ramin geji, ɗayan a bar shi a buɗe a sama. A bar tsawo sosai don kada inji ya zuƙe ruwan. A tada mota a ba ta wuta, a yi alama inda ruwan ya tsaya, kafin a sa gwangwani da bayan an sa. Idan bayan an sa ruwan ya fi turuwa waje a fili, gwangwanin ya shaƙe injin, a cire shi. A maimaita bayan wasu watanni, shi zai gaya maka lokacin canza filta ya yi.

Me zai hana in saki tiyon ƙasa kawai irin na da?

Mutane da yawa na yi, kuma manifol ɗin yana zama tsaf, wannan gaskiya ne. Ga abin da za ka biya. Warin huci zai riƙa shigowa gida idan kana tsaye a cunkoson Kwangila. Mai zai riƙa ɗiga a ƙasan mota, ƙura ta manne, robobin ƙafa su lalace. Da damina, idan ka shiga rafi da inji mai zafi, sanyin ruwa na iya sa cikin inji ya zuƙo, kuma bakin tiyon yana cikin ruwan. Wasu sabbin motocin suna da na'urar da ke lura da numfashin, za su kunna maka fitila. Mafi muni shi ne a manta da ramin da aka bari a tiyon turbo, ko a toshe shi da leda da tsumma. A Turai da Amurka doka ta hana wannan aikin. A nan ba mai tare ka, amma ɗan acaɓan da ke bayanka shi ke shaƙa, shi ke taka man.

Yaushe ake zubar da abin da ya tara? Zan iya mayar da shi inji?

Da farko ka riƙa dubawa duk mako har ka san halin motarka, daga baya duk lokacin juye ya isa ga yawancinsu. Yawan ya bambanta daga inji zuwa inji, don haka kada ka gwada naka da na maƙwabci. Abin lura shi ne canji. Idan abin da ka saba samu ya ninka ba tare da aikin motar ya canza ba, inji na gaya maka wani abu. Bayan ka tsiyaye ka tabbatar ka rufe famfon da ke ƙasan gwangwanin, in ka bar shi a buɗe turbo zai zuƙi ƙura ta nan.

Da hunturu, daga Disamba zuwa Janairu, za ka iya ganin abin ya yi fari-fari da kauri, ko ruwa ya kwanta a ƙasa. Sanyin safiyar Samaru ne ke daskarar da tururi a jikin gwangwani, musamman motar da ba ta nisa. Idan ruwan lagireto bai ragu ba kuma man da ke geji baƙi ne yadda ya saba, ba gasket ba ne. Ƙanƙarar da ke toshe wa mutanen Kanada tiyo ba ta shafe mu ba.

Mayarwa kuwa, ana iya haɗa tiyo zuwa ƙasan inji da bawul mai hana komowa, kuma manyan injina haka suke. Ni dai ba na ba da shawarar haka a nan, saboda gas ɗinmu. Sinadarin sulfa da ke cikin gas idan ya ƙone ya haɗu da ruwa asid yake zama. Shekaru da dama dokar Najeriya ta yarda da sulfa har kashi 3,000 cikin miliyan, alhali Turai ta sauka zuwa 10 tun 2009. ECOWAS ta amince da 50 a 2020, matatar Dangote ta fara sayar da gas a 2024, abubuwa na gyaruwa, amma wanda ke sha a jarkar 'yan bumburutu bai san me aka zuba masa ba. Abin da bai kai kofi ba bai cancanci a mayar da shi cikin sabon mai ba.

An ce injin gas na iya tashi da kansa ya ƙi mutuwa. Yana da alaƙa da wannan?

Ƙwarai kuwa. Injin gas ba ya buƙatar fulogi, duk abin da zai ƙone idan ya shiga silinda zai ci, har da baƙin mansa. Idan turbo ya fashe, ko mai ya taru da yawa a intakula, ko gwangwani ya cika aka yi biris da shi har turbo ya kurɓe shi gaba ɗaya, sai inji ya ɗauki wuta da kansa, hayaƙi ya turnuƙe, ka zare makulli bai san kana yi ba. Wasu sabbin injina suna da ƙofar iska da ke rufewa idan an kashe, tana taimakawa, amma ba abin dogaro ba ce.

Idan haka ta faru, mai giyar hannu ya taka birki da ƙarfi, ya ja na hannu, ya sa giya mafi girma, ya saki kuloci. Mai otomatik sai toshe iska da faffaɗan katako a bakin shigarta, ko a fesa abin kashe gobara na CO2 a ciki. Ban da tafin hannu, ban da tsumma, ban da ruwa. In abin ya gagara cikin 'yan daƙiƙu, a kori mutane a ja da baya, ƙarfe na iya fasa bulo ya fito. Saboda wannan ne duk wanda ya canza turbon da ya fashe dole ya cire intakula ya tsiyaye ta ya wanke kafin ya tada mota.

Ƙurar hunturu tana da hannu a ciki?

Hannu biyu ma. Filtar iska idan ta cushe, turbo na ƙara zuƙa a tiyon gabansa, kuma a nan numfashin yake, sai ya jawo mai fiye da da. Idan kuma filtar jabu ce, ko ta yage wajen bugawa a taya da hurawa da iskar falkanaiza, ƙurar na wucewa ta cinye ringi da bangon silinda, huci ya ƙaru har abada. Da za a ce in zaɓa wa mai motar gas a Zariya tsakanin gwangwani da filtar iska ta asali da ake canzawa a kan lokaci, filtar zan zaɓa ba tare da dogon tunani ba.

Manifol ɗin ya riga ya cushe. Gwangwani zai wanke shi?

A'a, gaba kawai yake karewa. Sai an kwance manifol da bawul ɗin EGR an kankare a waje an wanke da kananzir ko gas, a bari ya bushe. A toshe ramukan tof da tsumma mai tsabta yayin aikin, kuma a ƙirga tsummokaran kafin a mayar. Guntun danƙo mai tauri idan ya faɗa silinda yana iya hana bawul rufewa. 'Yar na'urar matsin turbo a fesa mata abin wanke kayan lantarki, kada a zura mata waya.

Za a ce maka a toshe EGR ɗin da faranti a huta. Kunkunniyar za ta daina shiga, amma NOx ɗin da motar ke fitarwa zai ƙaru, kwamfutar wasu motocin za ta kunna fitila ko ta rage ƙarfi, mai DPF kuma yana iya janyo wa kansa wata sabuwar rigima. Motar da ke da DPF tana son man da aka rubuta mata mai ƙarancin toka, irin ajin ACEA C, ba 20W-50 ɗin da ake zuba wa kowa ba.

Motar sabuwa ce, ta ma'aikata. A sa?

A tambayi dilan da ya sayar, a samu amsarsa a rubuce. Idan sil ya saki cikin lokacin garanti suka ga an yanka tiyon numfashi, da shi za su fake.

Ina zan kai man da na tsiyaye?

Zuba shi a jarkar tsohon mai ka bar wa masu juye, akwai masu zuwa saye. Kada a zuba a kwata, ruwan sama zai kai shi Kubanni ko Galma, inda ake ban-ruwan kayan miya. Kada kuma a ba makiyayi ya shafa wa dabba don kaska ko ƙazuwa, tsohon man inji na ɗauke da sinadaran da ke jawo cutar daji a fata. Yaran gareji su wanke hannu da sabulu bayan sun taɓa shi, ba da fetur ba.